Ruwan Masu Lamba

Littafin da ya kore mu daga maƙabarta, a ƙarƙashin ƙafar tebur na same shi. Teburin Señor Cuadros na ofishin gunduma gurgu ne, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa, shi ne aka tokare ta da littafin. Da na kafe sai ya nuna mini inda aka rubuta cewa ba mu cancanci kati ba, dole ya durƙusa, ya ɗaga tebur da kafaɗa, ya zaro shi yana nishi. Ƙafar ta bar rami a bangon littafin, daidai goshin wata mata mai takunkumi.

"Ga shi nan, Doña Eulogia. Shafi na tamanin da huɗu. Ba ni na rubuta ba, jami'a ce."

"Wa zai zarge ka da rubuta littafi? Karanta mini."

Ya gyara tabarau ya karanta a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Wai masu ɗibar ruwa a maƙabarta suna cikin 'yan tsirarun da annoba ba ta karya wa sana'a ba. Wai aikinsu ƙaruwa ma ya yi saboda yawan mace-mace, daga awa biyar a rana zuwa awa tara.

Awa biyar. Awa tara. Na san bakin da lambobin nan suka fito.

"Kin ji dai," in ji shi. "Daga ɗaya ga Nuwamba, ranar matattu, babu mai yin sana'a a cikin maƙabarta sai da kati a wuya. Katin kuwa na waɗanda littafin nan ya ce sun sha wuya ne. Masu furanni sun samu. Makaɗa sun samu. Masu addu'a da masu soya naman alade a bakin ƙofa, duk sun samu. Ruwa an ba kamfani, za su kawo tanka su riƙa sayarwa bokiti-bokiti. Ku an ce kun ci ribar annoba."

"Riba."

"Haka takarda ta ce."

"Mu tara ne, Señor Cuadros, ƙaramarmu ta ba hamsin baya. Shekarata talatin da huɗu ina hawa tudun maƙabartar nan da jarka a goye. Uwarka ma tana can, layi na shida, kusa da mai gicciyen ƙarfe. Wa kake tsammani yake ba ta ruwa, tunda kai rabonka da ita tun kana da gashi a ka?"

Ya shafa sanƙonsa bai san ya shafa ba. Ya ce in jami'a ta rubuto cewa kuskure ta yi, kwamiti zai duba. In ba haka ba, babu yadda zai yi. Na ce to ya ba ni littafin. Ya ce teburin fa? Na ce ya riƙe shi da gwiwa, ai ba wani aiki gwiwar take yi ba.

Ranar saura kwana goma sha tara.

A gindin tudu na tarar da komadre Basilia, wadda ta riƙe mini ɗa ranar baftisma, tana ɗauraye jarkoki. Ita na fara gaya wa, don gara in sha zagin a wurinta kafin sauran bakwai su ji.

Ta saurara har ƙarshe, ta yarfe hannu. "Ashe ke ce. Shekara talatin muna cewa bakinki zai ja mana, mun zaci zagin hukuma ne zai yi. Ashe gaskiya za ki faɗa ki kashe mu."

Gaskiyar kuwa ga yadda take. A shekarar farko ta annoba, tun watan Maris aka garƙame ƙofar maƙabarta da sarƙa. Ba mai shiga sai motar gawa da masu fararen kaya da ba a ganin fuskarsu. Suka yi ta haƙa a can ƙarshen tudu, inda ko karnuka ba sa zuwa, suna jera baƙaƙen jakunkuna. Dangi ba a bari su raka. Wasu ma ba a gaya musu inda aka kai nasu ba. Babu mai lokacin rubuta suna, sai katako da lamba da farin fenti, daga ɗari biyu da sha biyu har ɗari shida da arba'in. Baƙi ban iya karantawa ba, amma lamba ba ta ɓace mini.

Mamaci da ƙishirwa yake tafiya, kowa ya san wannan, sabo kuma ya fi kowa. Balle waɗannan da zazzaɓi ya kashe suna haki, leɓe a bushe, babu mai miƙa musu kofi. Ni kuma ina da nawa dalilin. Mijina Teófilo, masu bindiga ne suka tafi da shi a ƙauyenmu na Ayacucho ina da cikin wata biyar. Har yau ban san ƙasar da ta rufe shi ba, ban san ko wani ya taɓa ɗiga masa ruwa ba. Saboda haka kullum gari ya waye sai in zaga ta baya, ta wajen garken aladu inda katanga ta zube, in shiga. Hipólito mai gadi ya gan ni ya fi sau ɗari. Duk sanda na ɓullo, a lokacin igiyar takalminsa take kwancewa, sai ya sunkuya ɗauri har na wuce.

Ruwan da nake zuba musu a kofi a gindin katako mai tsabta ne, daga duron gidana, wanda nake saye a wurin tanka kamar kowa. Na shuka kuwa ruwan wanke-wanken tukunyar unguwa ne, inda muke dafa wa gida arba'in abinci sau ɗaya a rana. Gwangwanin madara, ƙasa, reshen furen geranio. Kowace lamba gwangwani ɗaya.

A bakin wannan tukunyar nake, cikin watan Yuni, ina feren dankali, waya ta yi ƙara. Wata mai murya mai laushi ta ce daga jami'a take, ana bincike kan yadda annoba ta taɓa hanyar cin abincin mutane. Mece ce sana'ata? Na faɗa. Awa nawa nake yi a da? Biyar. Yanzu fa? Na lissafa hawa da sauka, na ce tara. Sai ta ce nawa nake samu a da, nawa nake samu yanzu.

Na ce, "Mamita, wannan ba a faɗa."

Ba a faɗa ɗin. Ruwan mamaci ba a yanka masa farashi. Mai mamaci yana sa abin da ya ga dama a aljihun rigar aikinmu, ba ma dubawa sai mun sauka daga tudu, ba ma gaya wa kowa, ko junanmu. Haka tsohuwar da ta koya mini ta same shi, haka ta bar mini. Mai muryar ta ce to babu damuwa, ta gode, Allah ya tsare. Ta kashe.

"Da kin ce mata sifiri," in ji Basilia.

"In na ce sifiri yanzu, ai za ta ce a da fa. Kuma ke ina taki wayar da ba ki amsa kin gyara ba, tunda kin fi ni wayo?"

"Na sayar na cika wa Nemesio tukunyar iskar numfashi."

Nemesio mijinta ne. Iskar ta kai shi kwana biyu. Na taya ta ɗauraye jarka. Sauran bakwai ɗin, huɗu a lokacin sun kama hanyar ƙauye a ƙafa da jikoki, uku ba su taɓa mallakar waya ba. Ashe duk "masu ɗibar ruwa a maƙabarta" da ke cikin littafin nan, ni ce, da wuƙar fere a hannu.

Wata mai furanni ta karanta mini sunan da ke bangon littafin: Mirella Santisteban. Na je jami'ar sau biyu aka ce ba ta nan. A na biyun mai shara ta raɗa mini cewa ranar Alhamis akwai taro a babban zaure, ita za ta yi jawabi. Ranar Alhamis na cika jarka mai lita ashirin, na goya ta a zane, na shiga mota biyu. A bakin ƙofa na ce ruwa na kawo. Ba wanda ya tambaye ni na waye. Tsohuwa da kaya a baya, ko fadar shugaban ƙasa ta nufa, buɗe mata za a yi, a ɗauka wani ne ya aike ta.

Zauren akwai sanyi, kujeru masu laushi, mutum ya kai ɗari. A gaba wata siririya mai gajeren gashi tana nuna allo. Tana buɗe baki na gane muryar. A allon an zana ƙwallaye masu launi, manya da ƙanana, da zare-zare tsakaninsu. Wai ta bi diddigin duk rubuce-rubucen da masana suka yi kan annoba da abincin talaka, dubbai, don a ga inda bincike ya dosa. Babbar ƙwallon nan ta masu otal da 'yan yawon buɗe ido ce. Waccan ta masu aiki daga gida. Yanzu kuma, in ji ta, hankali ya koma kan juriya, yadda talaka ya jure. Sai ta nuna wani ɗigo a can gefe, kamar kashin ƙuda, ta ce wannan na masu ƙananan sana'o'i ne da ba su da rajista, nan akwai giɓi, ana buƙatar ƙarin bincike.

Dubban takardu. Na ce a raina da kowace ta zo da gwangwanin shinkafa ɗaya, da tukunyar unguwarmu ba ta taɓa kwana a kife ba.

Da aka ce akwai mai tambaya, ban ɗaga hannu ba, tashi na yi. Na taka har gaba, na kwance zane, na dire jarkar a kan teburinsu. Kofunansu suka yi tsalle. Na ajiye littafin a gefenta.

"Ni ce shafi na tamanin da huɗu."

Wani mai farin gemu da ke shugabantar zaman ya jawo abin magana. "Señora, don Allah tambaya, kuma a taƙaice."

"Tata tambayar ma a taƙaice ta yi, shi ya kawo mu nan."

Na juya wurinta na gaya mata komai. Sarƙar ƙofa, katangar aladu, katin wuya, kamfanin tanka, mu tara. Ta buɗe shafin, ta karanta, fuskarta ta canza.

"Na tuna," in ji ta. "Na tambaye ki abin da kike samu, kika ƙi faɗa."

"Ban ƙi ba. Na ce ba a faɗa."

"Sai na bar akwatin babu komai. Na'ura kuwa ba ta ƙirga akwatin da babu komai. Awoyin kawai ta ɗauka."

"Me ya hana ki tambaye ni me ya sa ba a faɗa?"

"Minti goma sha biyu aka ba mu a kowane kira." Ta sunkuyar da kai ga shafin. "Amma duba, Señora, na sa alama. A ƙasa na rubuta cewa mutum ɗaya ce kawai ta amsa, kada a gina hukunci a kai."

Ta nuna mini. Rubutun kamar tururuwa ta bi ta kan toka.

"Wannan wa kika rubuta wa? Mutumin da ya kore mu, da littafin yake tokare tebur."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye. Ta ce ta yi nadama ƙwarai. Ta ce za ta rubuta gyara a mujallar masana, zai fito baɗi in an tace shi.

"Baɗi. Kwana goma sha uku gare ni, Dakta. Ba mujalla nake so ba. Wasiƙa nake so mai hatimi, zuwa ga Cuadros, da rubutu manya. Kuma ba za ki rubuta ta a kan waya ba. Jibi Asabar, ƙarfe bakwai na safe, gindin tudu. Ki sa takalmin da ba kya so."

Sai zauren ya ɗauki tafi. Na juya na ce wa ya gaya musu wasa nake yi? Tafin ya mutu. Na ɗauki littafin na fita. A bakin ƙofa wani mai jaka ya biyo ni, wai ko zan yarda ya naɗi muryata, yana bincike kan juriya. Na ce jarkar tana kan tebur, ya sauko da ita ya kai mini tasha, ya naɗi tasa.

Ban zaci za ta zo ba. Ta zo, har da hula da littafin rubutu. Basilia ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan ce ta kashe mu? Ai ko kaza ba za ta iya kashewa ba. Mamita, a gidanku ana cin abinci kuwa?"

"Ana ci, Señora."

"To ba ya zama."

Muka goya mata ƙaramar jarka mai lita goma. Basilia ta ɗaure zanen a ƙirjinta, ta ja ƙullin da ƙarfin da bai zama dole ba. Muka kama hawa. Tudun namu yashi ne da dutse, ka taka uku ya mayar da kai ɗaya. A layi na huɗu ta daina magana. A na tara ta zauna a kan kabarin wani ta ce masa ya yi haƙuri. Ruwan ya jiƙa mata baya har wando. Ba ta ce a karɓa mata ba, wannan na ba ta.

Da muka kai ƙarshen tudu ta tsaya. A birninmu na Lima ba a ruwan sama, hazo ne kawai mai jiƙa gashi ya bar ƙasa da ƙishi. Duk abin da ka gani kore a tudun nan, a bayan mace ya hau. Ga su nan layi-layi a cikin toka-tokan yashi, jajayen furanni a gwangwanayen da suka yi tsatsa, wasu sun fasa gwangwanin sun kama ƙasa sun kai gwiwa. Da yawa yanzu an zo an same su, an sa musu suna da siminti. Saura ɗari da goma sha ɗaya har yau katako ne da lamba.

Ta fiddo littafi ta fara ƙirga. Basilia ta matso ta zungure ni.

"Komadre, ke fa ba ki da kai. Kin kawo ta ta ga aikin da kika yi. Ai littafin ma abin da ya ce ke nan, aiki ya ƙaru. Kin hau da ita tudu ki tabbatar mata ta yi daidai."

Dakta ta ji. Ta tsaya da ƙirga, tana dubana. Na kama hannunta na ja ta gaban wani katako da fentinsa ya fara gogewa.

"Wannan ɗari uku da sha takwas ne. Ranar da aka kawo shi ina ɓoye a bayan dutsen can. Jakar doguwa ce, sai da suka lanƙwasa ƙafar. Ban san ko namiji ba ne ko mace, na dai ce masa shi. Shekara uku ina ba shi ruwa. Tambaye shi nawa ya biya ni. Tambaye shi wa ya zo ya sa mini wani abu a aljihu, ƙofa da sarƙa. Bismillah, ga shi ga ki. Kina da minti goma sha biyu."

Ta kwance zanen da kanta, ta sauke jarkar, ta ɗauki kofin gilashin da ke gindin katakon, ta zubar da ƙurar ciki, ta cika shi. Rabi ya zube a ƙasa. Ba asara ba ce, duk wurinsa ya tafi.

"Ranar da na kira ki," in ji ta, "ke ce ta arba'in da ɗaya. Mahaifiyata tana ɗakin da ke kusa tana tari, ina jin ta ta bango."

"Ta tashi?"

"Ta tashi."

"To ki gode wa Allah, ki rubuta wasiƙa."

Ta buɗe sabon shafi. "Zai fi ƙarfi in na sa adadi. Ko yanzu, Doña Eulogia, tsakanina da ke. Nawa ne a da?"

"Ba a faɗa."

"To me zan rubuta?"

"Abin da kafaɗarki za ta gaya miki gobe da safe."

Wasiƙar ta ci kwana tara, don sai da mai farin gemu ya sa hannu, shi kuma sai da ya yi tafiya ya dawo. Ita ta kawo ta da kanta, muka shiga wurin Cuadros tare. Teburin yana ta rawa, ya cusa masa murfin kwalba bai yi ba. Ya karanta wasiƙar sau biyu, ya shafa hatimin da yatsa.

"Wasiƙa ta yi kyau, Dakta. Kwamiti zai zauna sha biyar ga Nuwamba."

"Ranar matattu jibi ce," in ji ta.

"Kwamiti ba ya zama a makon biki. Kuma an riga an sa hannu da kamfani." Ya naɗe wasiƙar gida huɗu, na ga idonsa ya sauka kan gurguwar ƙafar tebur.

Na fiddo littafin daga zane na miƙa masa. "Ungo. Tokare da wannan, aikin da ya iya ke nan. Wasiƙar kuwa a sama za ta zauna, inda zan gan ta sha biyar ga wata. Zan zo da kujerata."

Ɗaya ga Nuwamba, tun da sassafe hanya ta cika. Iyalai da tukwane da kwalaben chicha, giyar masara, da burodi mai siffar jarirai, makaɗa da katinsu a wuya yana lilo. Na fara zagawa ta wajen aladu. An toshe katangar da sabon bulo, simintin ko bushewa bai yi ba. Shekara nawa tana zube ba wanda ya gani, sai da ruwa ya zama na sayarwa.

Na dawo babbar ƙofa. Tankar kamfani tana gefe, shuɗiya, an rubuta farashi a kwali da manyan lambobi. Mu tara muka shiga layi kamar kowa, jarka a goye. Dakta Mirella tana bayanmu da tata mai lita goma. Ba ni na kira ta ba.

Hipólito yana bakin ƙofa da babban littafin rajista. Kusa da shi wani mai shuɗiyar hular kamfani yana tsaye.

"Doña Eulogia, kati," in ji Hipólito, yana kallon ƙasa.

"Yau takalmin naka a ɗaure yake, na gani."

"Ki rufa mini asiri. Ba kati, ba sana'a."

"Wa ya ce maka sana'a na zo? Ziyara na zo. Ko an hana mutum kai wa nasa ruwa?"

"Ba a hana ba," in ji mai hula. "Na danginki kawai. Wa kike da shi a ciki?"

"Ɗari biyu da sha biyu."

Hipólito ya lashi yatsa ya buɗe rajista, ya yi ta juyawa har ƙarshe-ƙarshe.

"Ɗari biyu da sha bakwai," na ci gaba. "Ɗari biyu da talatin. Ɗari biyu da talatin da ɗaya. Ɗari uku da sha takwas." Na jera masa goma sha uku. Daren jiya muka raba ɗari da goma sha ɗayan nan, kowace sha biyu, uku daga cikinmu sha uku.

Mai hula ya yi dariya. "Wannan ai wayo ne. Ba danginta ba ne."

"To kawo danginsu. Zan jira. In sun zo na ba su jarkar."

Layi ya fara tsawo a bayanmu. Wata mata mai tukunya a ka ta ce a bar tsofaffi su wuce, abinci yana hucewa. Wani ya ce ai waɗannan su ne masu ruwa, su suka riƙe masa uba shekara biyu. Mai hula ya leƙa rajistar.

"Me aka rubuta a wurin dangi?"

Hipólito ya juya masa littafin. "Babu komai. Akwatin fari ne."

"To ka gani," in ji mai hula.

"Na gani," na ce. "Akwatin da babu komai shi ya kawo mu nan. Hipólito, kana da biro. Eulogia Chauca. Rubuta."

Ya dubi mai hula, ya dubi layi, ya dube ni. Sannan ya cire biron daga bayan kunne. Rubutunsa a hankali yake, harshe a waje, sau goma sha uku. Da ya gama Basilia ta ture ni ta matso ta fara jera nata, tana gaya masa ya gyara hannu, sunanta ba na wasa ba ne. Mai hula ya koma gefen tanka yana buga waya. Wanda yake nema bai ɗauka ba, ranar biki ce.

Da tara suka cika, Hipólito ya nuna Dakta da biro. "Wannan fa? Wa take da shi?"

"Wannan bincike take yi," na ce. "Bar ta, ba ta gama ba."

Muka shiga. Kati dai babu. Aljihun rigata a buɗe yake kamar kullum, ban ji an yi dokar da ta hana aljihu ba tukuna, in an yi Cuadros zai karanta mini sha biyar ga wata. A layi na shida na tsaya wurin uwar Cuadros, kusa da mai gicciyen ƙarfe. Ko'ina iyalai sun baje tabarmi da abinci, nan kuwa ba kowa, kofin ya cika da yashi. Na ɗauraye shi na cika mata. Ba ita ta sa hannu a takarda ba.

Sannan na gyara goyon jarka, na ce wa Dakta ta tashi daga kan kabarin mutane. Akwai ɗari da goma sha ɗaya a sama, rana kuma ta fara zafi.